Elizabeth taubashiyar Victor ce ko marainiyar riƙo?

'Yan uwa masu karatun tsofaffin littattafan ban tsoro, yau dai na kama bakin zaren abin da ya tsayar da ajinmu na Frankenstein, littafin Mary Shelley kan Victor, ɗalibin kimiyyar da ya ƙirƙiri dodo, kuma har yanzu daɗi nake ji.

Na hannuna bugun MIT Press ne na 2017, mai sharhi a ƙasan shafi, wanda aka shirya don ɗaliban kimiyya da injiniya. Kuɗin aiko shi ya kusa kamo kuɗin littafin, abin ya yi mini ciwo. Ɗalibai kuwa kowa da abin da Allah ya hore masa, wani bugun gwanjo, wani PDF a waya. Sai in ce a buɗe babi na huɗu in karanta sharhi, su duba su ga wani zance daban. In ce Elizabeth, wadda Victor zai aura, 'yar gwaggonsa ce, wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a nawa tsinto ta aka yi." Har an fara yi mini kallon wanda bai karanta littafin ba.

Ashe littafi biyu muke riƙe da shi da suna ɗaya. Nawa matanin 1818 ne, wanda ya fito cikin juzu'i uku babu sunan Mary Shelley a jikinsa. Nasu na 1831 ne, wanda ta sake gyarawa ta rubuta masa gabatarwar da ke ba da labarin zamansu a bakin tafkin Janeba a 1816. A gyaran ta raba babin farko gida biyu, shi ya sa lissafinmu ya zame da ɗaya: nawa babi 23, nasu 24. Bugun araha yawanci na 1831 ne, kuma ba kowanne ke faɗa a bango ba.

Dabarar da ta yi aiki ba ta da wani tsada. Na kai farkon matanin biyu shagon fotokwafi, aka jera su gefe da gefe a takarda ɗaya, na rufe sharhin gaba ɗaya na ce su nemo bambancin da kansu. A 1818 Elizabeth ɗiyar 'yar'uwar uban Victor ce, taubashiyarsa ke nan, auren zumunci ake shirya musu. A 1831 ta koma marainiya 'yar wani basaraken Milan, wadda uwar Victor ta gani a gidan wasu talakawa kusa da tafkin Como. Yaranmu da suka tashi suna ganin auren taubasai suka dage sai an gaya musu me ya sa ta goge wannan, aka yi ta gardama. Wani kuma ya gano cewa bayan tsawa ta farfasa wata bishiya a gaban Victor yana yaro, a 1818 uban Victor ne ya nuna masa yadda lantarki yake, amma a 1831 wani baƙo masani ne ya yi bayanin. Abin da ya fi burge ni, su da kansu suka lura Victor na 1831 ya fi jingina laifinsa ga ƙaddara. Nan fa aji ya kama da wuta, don maganar ƙaddara da zaɓin mutum ba baƙuwa ba ce gare su.

Sai bayan sun gaji na buɗe sharhin. Ni a ganina haka ya fi. In aka fara da shi, yaro ƙasan shafi yake karantawa ya bar labarin, tsoron ma ya gudu.

Yanzu kowa ya rubuta shekarar mataninsa a bangon littafinsa. Gaba kuma labarin Safie ne, 'yar attajirin Baturke, inda Shelley ta yi maganganu kan matan Musulmi da na san ba za su wuce salin alin ba. Wannan sharhin ni zan zauna in rubuta shi da hannuna kafin ranar.