Abin da na gani a Habasha

Mun dawo lafiya daga Addis Ababa. Godiya ga Ubangiji, da ku 'yan'uwa da kuka riƙe mu cikin addu'a.

Ikilisiya ta tura mu hidima ne tsakanin mata masu yoyon fitsari, ciwon da doguwar naƙuda ke bari idan babu likita kusa. Da yawansu jaririn bai zo da rai ba, miji ya juya baya, dangi sun ware su saboda zarni. Wata yarinya, da ƙyar in ta kai ashirin, ƙin zama ta yi kan kujerar da na miƙa mata, wai kada ta jiƙa ta. Sai muka zauna tare a ƙasa. Wa'azi kaɗan muka yi, gaskiya. Wankin zannuwa da tsefe kai sun fi yawa, kuma a ganina hakan ya dace.

Mun leƙa asibitin masu yoyon fitsari da Dakta Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a 1974. Kyauta ake aikin, wadda ta warke a ba ta sabuwar riga ta koma gida.

Masu tambayar hotuna ku yi haƙuri, ban ɗauki fuskar kowa ba.