Manhajar da muke tsara wa kociyoyin besbol na yara

Kamfaninmu ƙarami ne, aikinmu kuma guda ɗaya: tsara manhajar horo ga kociyoyin besbol (wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda) na yara da ƙungiyoyin unguwanni a nan Amurka. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka ƙwararru muke koyarwa. Yawancinsu iyayen yara ne 'yan sa-kai, wani direban bas, wata ma'aikaciyar asibiti, sun taso daga aiki a gajiye an danƙa musu yara goma sha biyu da jakar ƙwallaye. Da irin waɗannan mutane Little League, babbar ƙungiyar da ke shirya wa yara gasar besbol, ke tafiya tun da Carl Stotz ya kafa ta a garin Williamsport na jihar Pennsylvania a 1939.

Shi ya sa kowane darasinmu ba ya wuce shafi ɗaya, wanda koci zai ninke ya sa a aljihu. Ga 'yan shekara 4 zuwa 7, masu dukan ƙwallon da aka ɗora a kan turke, dokarmu ita ce ban da dogon layi. Ɗan shekara biyar in ya daɗe yana jira, kafin ka waiga ya tsuguna yana wasan ƙasa. Sai a kasa su gida uku, kowa da abin yi.

Inda muka fi zuba ƙarfi shi ne hannun mai jifa, wato yaron da ke jefa wa mai duka ƙwallo. Ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba, yawan jifa kuwa gwiwar hannu da kafaɗa yake ci. Tun 2007 Little League ta ƙayyade jifa a rana: 75 ga 'yan shekara 9 da 10, 85 ga 'yan 11 da 12. Yaron da ya yi jifa 66 ko fiye, sai ya huta kwana huɗu. Haddace wannan ba wuya. Wuyar ita ce wasa ya yi zafi, iyaye na ta ihu a bayan shingen waya, gwanin jifanka ya cike adadinsa, yana ce maka "Koci, ban gaji ba." A nan ne mutumin kirki ma yake kau da kai. Don haka muke sa kociyoyi su gwada wannan yanayin a aji, ɗaya ya zama yaron, ɗaya uban da ya fusata, har bakin kocin ya saba da cewa a'a. Muna kuma matsa musu su horar da masu jifa da yawa tun farkon kakar wasa, domin wanda yake da gwani ɗaya tal shi ne ke ƙure shi.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yaran da ke buga wa ƙungiya biyu. Lissafin wannan ba ya isa kunnen waccan, yaro ya yi jifa ranar Asabar a nan, Lahadi a can. Mun buga ɗan kati da ke zama a jakar yaron, ana rubuta kwanan wata da yawan jifa, uwa ko uba su sa hannu. Duk ƙungiyar da ta ɗauki manhajarmu, sharaɗinmu shi ne koci ya duba katin kafin ya miƙa wa yaro ƙwallo.