Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Katin Auta

Makon jiya na tsaya muku a inda likitar yara a LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Legas da ke can Idi-Araba, ta juyo mana da allon na'urar eko, mai ɗaukar hoton zuciya, ta nuna mana zuciyar Auta tana harbawa. Ta ce ba rami ɗaya ba ne kamar yadda ake faɗa a unguwa, matsala huɗu ce a haɗe: akwai ƙofa a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya, hanyar da jini ke bi zuwa huhu ta tsuke, babbar jijiyar da ke raba wa jiki jini ta zauna a kan ƙofar nan, ɓangaren dama kuma ya yi kauri don wahalar turawa. Sunan wani likitan Faransa aka sa wa ciwon, Fallot, wanda ya yi bayaninsa tun 1888. Da shi aka haifi yaron, in ji ta. Sai ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Mama, shekara biyu da wata huɗu, ina kuke kai shi?"

Asibiti muke kai shi. Abin da ya hana ni barci ke nan a daren.

Na raini uku kafin Auta, na san yadda jariri mai lafiya ke kama nono. Shi tun muna cikin jego idan ya ja sau biyar sai ya saki, gumi ya jiƙe masa goshi kamar wanda ya yi dako. Idan ya yi kuka mai tsawo leɓensa ya rine, harshensa ya yi duhu. Wani asibitin kuɗi ne nan kusa da mu a Agege, a can na yi awo, a can na haihu, a can muke da kati na iyali. Ba zan kama sunansa ba. Sau goma sha ɗaya na kai yaron nan, na ƙirga daga rasit ɗin da nake tarawa a gwangwanin madara. Yau a ce limoniya, gobe zazzaɓin cizon sauro, jibi asma. Da ya fara haƙori kuwa aka samu abin ɗora wa laifi. A rubuta magani, mu biya, mu dawo gida. A gida kuma Hajiya, surukata, ta ce iska ce, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Ban ga laifinta ba, ita abin da ta sani ta yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsuguno. Da ya fara tafiya, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo sai ya tsuguna sau biyu, ya haɗa gwiwa da ƙirji ya yi shiru. Yayyensa suna masa dariya, ni kuma ina masa faɗa, ina cewa wannan ragwanta a wa ya gado ta. Akwai ranar da na ɗaga shi da hannu ɗaya na ce ya miƙe ya yi tafiya kamar kowa. Likitar LUTH ce ta gaya mini cewa tsugunon nan magani ne yaron yake yi wa kansa: idan ya naɗe ƙafafu, jijiyoyin ƙafa suna matsewa, sai jini ya ƙara samun ƙarfin bin hanyar huhu ya ɗebo iska. Yaro ɗan shekara biyu ya gano abin da zai taimake shi, uwarsa tana hana shi. Ta maƙala masa ɗan matsin nan na yatsa mai auna iskar da ke cikin jini, ya nuna 78. Ta ce na mai lafiya daga 95 yake zuwa sama. Na'urar ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba. Sau goma sha ɗaya, ban taɓa ganin an sa masa ita ba.

Da na ce zan kai ƙarar asibitin nan na Agege, gidan ya ɗauki zafi. Maigida a kasuwar Mile 12 yake sayar da albasa, mutum ne da ko bashinsa aka ci ba ya son zuwa ofishin 'yan sanda. Ya ce, "Ke, mu baƙi ne a garin nan. Kuɗin aikin zuciyar yaron muke nema, miliyoyi, ke kina neman na lauya?" A lokacin abokansa na kasuwa sun fara haɗa mana gudummawa, an kuma ba mu jerin wuraren da za mu rubuta wa, har da gidauniyar Nwankwo Kanu, ɗan ƙwallon nan da shi ma aka yi wa aikin zuciya a Amurka a 1996, ya dawo ya kafa gidauniyar a 2000. Wasu na cewa a kai shi Indiya, wasu na cewa a tsaya a gida tunda ana yin aikin a nan Legas. Hajiya kuwa magana ɗaya ta riƙe: "'Yar nan, ƙaddara ce. Likita ne ya huda masa zuciya? Ki bar wa Allah."

Na ce, "Hajiya, ban ce shi ya huda ba. Allah Ya halicce shi haka, na karɓa hannu biyu. Shekara biyun nan nake tambaya."

Maganar ta kai gaban Malam na masallacin layinmu, don maigida ya yi zaton zai tsawata mini. Malam ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci nauyinsa ba, kuma malaman fiƙihu tun da can sun yi magana a kan mai magani da ya yi ganganci ko ya taɓa abin da bai sani ba, cewa akwai lamuni a kansa. Ya ce yafiya alheri ce, amma mai haƙƙi ne ke yin ta da kansa, ba a ƙwatar ta. Maigida bai ce uffan ba har muka iso gida. Da safe na tarar ya ajiye mini kuɗin mota a kan firij.

Lauyar da aka haɗa ni da ita a Ikeja take, Bayarabiya ce amma haifaffiyar Sabon Garin Kano, Hausarta ta fi ta 'ya'yana. Na shiga da zafina, na ɗauka za ta taya ni zagin asibiti. Tambayarta ta farko ita ce, na gwamnati ne ko na kuɗi? Ta ce da na gwamnati ne da akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati mai wa'adin wata 3, wadda ta sha kashe ƙara tun ba a saurare ta ba. Na kuɗi kuwa, a Legas shekara 3 ake ba mutum a kan sakacin da ya taɓa lafiyar jiki, don haka kada mu yi nawa.

Daga nan ta zuba mini ruwan sanyi. Ta ce, "Maman Auta, kotu ba ta biyan hawaye. Kusan jariri ɗaya cikin kowane 100 da matsalar zuciya ake haifarsa, wasu ko ƙwararre ba ya gane su a ranar farko. Likita ya yi kuskure, wannan kaɗai ba laifi ba ne a shari'a." Ta ce ma'aunin da alƙalai ke bi, wanda aka gada daga wata shari'ar Ingila ta 1957, shi ne: likita mai hankali irinsa, da ya ga abin da wannan ya gani, me zai yi? Kuma ba ni zan amsa ba, wani likitan ne zai tsaya gaban alƙali ya faɗa. Ta yi ɗan murmushi ta ce samun likitan da zai ba da shaida a kan ɗan'uwansa ya fi samun gidan haya mai arha a Ikoyi wuya. Bayan wannan akwai tsauni na biyu. Sai mun nuna cewa jinkirin ne ya ƙara wa yaron cuta, domin asibitin zai ce ko da an gane a wata na huɗu, aikin nan dai sai an yi shi, kuɗin nan dai sai an biya. Irin wannan aiki galibi kafin yaro ya cika shekara ake son yin sa, don haka dole likitocin zuciya su rubuta abin da shekara biyun ta ɓata.

Ta zana mini hanyoyi a bayan ambulan. Akwai MDCN, majalisar da ke ba likitoci lasisi. Ana kai mata ƙorafi da takardar rantsuwa, kwamitin bincike ya duba, idan ya ga akwai magana ya tura kotun ladabtarwa. Can za a iya jan kunnen likita, ko dakatar da shi har wata 6, ko a soke sunansa gaba ɗaya, amma ko kwabo ba za su ba ni ba. Akwai HEFAMAA ta jihar Legas mai sa ido a kan asibitoci. Diyya kuwa sai Babbar Kotu, ita ma ba a faɗa mata kai tsaye, sai an fara rubuta wa wanda ake ƙara an nemi sulhu. Shari'ar kanta, ta ce in shirya wa shekaru.

Na ce, "Barista, to me na zo yi?"

Ta ce, "Kin zo da gwangwanin rasit, wanda yawancin masu zuwa nan ba su da shi. Saura fayil. Kafin kowa ya ji kalmar kotu, mu karɓo fayil."

Ashe tun 2018 akwai takardar haƙƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar, a ciki har da haƙƙin mutum ya ga bayanan jinyarsa. Ni da na yi shekaru ina miƙa kati ta taga ina karɓar lamba, ban taɓa sanin ina da ikon cewa a buɗe mini in gani ba. Na je da kaina sau biyu. Ran farko aka ce mai riƙe da makullin ɗakin fayil bai zo ba. Ran na biyu wata nas da ta san ni tun awo ta ja ni gefe ta ce, "Mama, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, likitocin zuciya ne ke son gani. Ban yi ƙarya ba, su ma sun nema. Sai da wasiƙar Barista ta je da hatimi a kai, bayan kwana tara, aka ba mu kwafi, shafi ashirin da shida, wasu sun yi baƙi don injin ɗaukar hoton ya gaji.

A ofishinta muka baje su a tebur. Rubutun likita ko mai boko sai ya yi da gaske, balle ni da na tsaya a aji uku na sakandare. Tana bi da biro shafi bayan shafi, tana haɗa kowane kwanan wata da rasit ɗina. Auta na zaune a ƙasa yana wasa da murfin gwangwanin, ya gaji ya tsuguna, wannan karon na bar shi. A shafi na bakwai biron ya tsaya. Zuwanmu na uku ne, yana da wata huɗu, ranar da babban likitan ba ya nan, wani matashi ya duba mu. Na tuna shi, don shi kaɗai ya daɗe da abin sauraron ƙirji a jikin yaron, har ya sa na rufe masa baki da nono don ya yi shiru.

Barista ta juyo da takardar ta ɗora yatsa a kan layi biyu. Ta ce matashin ya rubuta cewa ya ji wani sauti a zuciya wanda bai kamata ba, a tura yaron a yi masa eko, ya ja layi a ƙarƙashi.

Ta ce, "An ba ki takardar turawa ranar nan?"

Na ce maganin tari aka ba ni, da na zazzaɓi. Rasit ɗin yana hannunta.

Ta ɗauki waya ta kira sakatariyarta ta ce a nemo mata inda matashin likitan nan yake aiki yanzu. Yadda muka same shi, da abin da ya ce da ya ga rubutun hannunsa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.