Waifar Baya, Ƙurar Fadama da Karya Mai Dogon Kunne

Cikin motocin Golf da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Jega ko Argungu, da wuya ka ga wadda waifar bayanta ke motsi. Wata an cire hannun gaba ɗaya an bar kan ƙarfen tsirara, wata hannun na nan amma rana ta daɗe da cinye robar. Direba zai ce maka shi gabansa yake kallo, kuma ban ga laifinsa ba tunda kwalta yake bi. Ni hanyata ta jar ƙasa ce, mai gangarawa fadamar Gulbin Rima inda ake noman shinkafa, kuma a bayan motata karnuka uku ne.

Mota mai yankakken baya tana da wata ɗabi'a. In tana gudu, iskar da ta biyo ta kan rufi sai ta yi juyi a bayanta, ta kwaso ƙurar da tayoyi suka tayar ta manna wa gilashi. Shi ya sa masu ƙera mota ke sa wa irinta waifa a baya, ba su cika sa wa salun mai dogon but ba. Da hunturu, tafiya kaɗan gilashin ya rufe ruf. To ka zo yin ribas a bakin gona, an saki karnuka suna zagaye mota, ga yara sun taru kallo. Madubin gefe kaɗai ba ya isa.

Biyu daga cikin karnukan namu ne na gida, masu tsawon ƙafa da lafaffen ciki, waɗanda in suka hango zomo sai dai ka ga ƙura. Ta ukun kuwa Cocker Spaniel ce, da na samo tana 'yar kwikwiya wurin wani likitan dabbobi. Asalin irinta Ingila ne, kuma aikin da aka yi su dominsa daban ne da na karnukanmu. Namu da ido da gudu suke farauta, su kamo da kansu. Ita da hanci take aiki. Tana tafe gabanka tana kai da kawowa dama da hagu, ba ta wuce inda harbinka zai kai, tana kutsa kai cikin kowane duhuwa har ta tayar da fakara ko zabon daji. Da tsuntsu ya tashi sai ta zauna, sai an ce ta je sannan ta ɗauko. A can Ingila, da, cikin haihuwa ɗaya ana iya samun ƙanana a kira su Cocker, manyan kuma Springer, nauyi ne kawai ke raba su, sai a 1902 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Kennel Club ta ware Springer ta Ingila a matsayin iri mai zaman kansa.

Ranar da tsofaffin mafarautan wajenmu suka fara ganinta, wani ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, wagga karya ta ko tunkiya?" Abin da ya sauya musu ra'ayi bakinta ne. Tana ɗauko tsuntsu ba ta tauna shi, ta kawo maka hannu da sauran ransa, ka yi bisimilla ka yanka. Wanda ya taɓa ƙwatar zabo daga bakin karen gida ya san darajar wannan. Batun farauta da dabbar da aka horar kuwa yana nan cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4.

Wannan karyar ce aka fara ɗora wa laifi a gida. Yara suka riƙa tarar da lema a bakin but, suka ce fitsari take yi a mota. Amma lemar ba ta wari, kuma tana zuwa ne bayan na danna ruwan wanke gilashin baya. Ina jin famfon na kuka, ruwa ba ya fitowa kan gilashi sai ɗan tsiyaye. Daga baya waifar ta fara ja da ƙyar, ta riƙa tsayawa tsakiyar gilashi, har ta daina gaba ɗaya.

Motar Golf 4 ce 'yar Kwatano, samfurin da Volkswagen ta fara fitarwa a 1997. Na kai ta wurin wani yaro mai gyaran waya, don kafin a zargi injin waifar ya kamata a tabbatar wuta na isa gare shi. Ya duba fis, lafiya lau. Ya janye robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin jikin mota da ƙofar but, inda wayoyi ke bi, don nan suka fi karyewa saboda buɗewa da rufewa, musamman motar da ake ɗaga but ɗinta sau da yawa kamar tawa. Su ma ba abin da ya same su. Ya sa ƙwan gwaji a soket, ya kama. Sai ya ce, "Baba, inji na ya mutu. A sawo na Beljiyam a ɗaura a huta, wa ka gyaran wanga abu?" Na ce, "Ɗana, na Beljiyam ɗin ma shekarunsu ɗaya da wanga, kuma ciwonsu ɗaya." Na biya shi kuɗin dubawa na taho gida.

Abu mafi wuya a aikin duka shi ne cire hannun waifar. Ka zare makulli tukuna, ka manna ɗan selotef a gilashi daidai inda robar ke kwanciya, ka ɗaga murfin roba, ka zare kan feshin ruwa, ka kwance noti da sifana mai lamba 13. A nan ne za ka ga hannun ya ƙi fita, domin kan ƙarfen mai haƙora ne kuma tsatsa ta haɗe su. Kada ka sa sukundireba ka banƙara da gilashi. Gilashin baya ba ya tsagewa irin na gaba, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya. Na ɗiga man kwance tsatsa, na bar shi ya sha, na riƙa girgiza hannun a hankali ina ja har ya saki. Sauran mai sauƙi ne: sukurori biyu a wurin riƙon hannu, marfin ciki ya ɓalle daga maƙalansa, ka zare soket da tiyon ruwa, ka kwance noti uku da lamba 10.

Na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro na buɗe murfin injin, sai ga dalilin komai. A wannan samfurin, ruwan wanke gilashi ta cikin ƙarfen da ke juya waifar yake bi. Akwai wani siririn bututu da ya ratsa tsakiyarsa, shi a tsaye, ƙarfen na kai da kawowa a kewayensa, ɗan zoben roba ne kawai ke hana ruwa komawa ciki. Zoben ya bushe ya tsage, tsatsa ta kama bututun, ƙarfen ya riƙa murɗa shi har ya karye. Tun daga lokacin, duk ruwan da na danna cikin injin yake zuba, ya gangara cikin ƙofa ya ɗigo bakin but. Giris ɗin ciki ya haɗu da ruwa da jar ƙura ya koma laka mai ƙarfi, sai da na sa tsinke na riƙa ƙwaƙulo shi daga haƙoran babban giyan roba. A bayan giyan akwai faifan tagulla da 'yan harsuna ke gogawa. Su ne ke ci gaba da ba inji wuta bayan ka kashe, har waifar ta koma makwancinta. Duk sun yi kore shar, shi ya sa take tsayawa inda ta ga dama.

Na wanke komai da kananzir da tsohon buroshin haƙori, na goge tagullar da samfefa mafi laushi har ta yi haske. Na zare amecha, wato naɗin wayar da ke juyawa cikin injin, wayarta ba ta ƙone ba, ba ta warin ƙuna, gawayin nan biyu da ke gogar ta kuma da sauran tsawonsu. Wato injin da aka ce ya mutu, cushewa kawai ya yi. Bututun ne ba ya gyaruwa. Shi na samo daga wani mataccen inji wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, wanda wayarsa ta ƙone amma bututunsa lafiya, na sa sabon zoben roba, na shafe giya da ƙarfe da sabon giris, ban da kan tagullar.

Kafin ka mayar da hannun waifar, ka haɗa soket ka kunna injin ya yi zagaye ɗaya ya tsaya da kansa, sannan ka ɗora hannun daidai selotef ɗin nan. In ka ɗora shi tun farko, zai iya dukan jikin mota ya karya haƙorin giya. Ka kuma danna ruwa marfin ciki na buɗe, ka sa ido ko akwai ɗigo.

Abin da ke kashe wannan bututun a wajenmu har da abin da muke zubawa a tanki. Ruwan rijiya mai laka yana toshe kan feshi, matsin ya koma baya ya nemi wurin fita. Garin sabulun wanki da yaran wankin mota ke zubawa kuma yana cin roba da ƙarfe. Yanzu tataccen ruwa nake sawa, ina tsokale kan feshin da allura, kuma ba na kunna waifar kan busasshiyar ƙura, don yashi ne kake gurzawa a gilashi, injin kuma yana shan wahala. Tambarin hancin karnuka da ke cikin gilashin kuwa, wannan sai tsumma.

Karyar ma don ƙasar sanyi da ruwa aka yi ta, don haka tana son hidimar da 'yan uwanta na gida ba su nema. Ƙarangiya na maƙale mata a gashin kunne da tsakanin yatsu, dole duk dawowa a zauna a tsince, kuma na aske mata gashin ƙafa da na cikin kunne ƙasa-ƙasa. Ba ta ganin ruwa ta ƙyale, ko ba kirinjijiya a ciki sai ta faɗa, kuma kunnen da ya rufu da lema a ciki shi ke ruɓa ya yi wari, sai an ɗaga an tsane shi. Kaska na ɓuya cikin gashinta inda ido ba ya gani, ita ce ke kawo zazzaɓin da ke sa dasashin kare ya yi fari. Allurar ciwon hauka duk shekara, su ukun. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba na fita da ita sai da asuba, hantsi na yi mun dawo, kuma ba a barin kare cikin rufaffiyar mota ko da ka ce yanzu za ka fito.

Akwai sauran aiki ɗaya a ƙofar but ɗin. Ruwan da ya daɗe yana ɗiga ya taɓa ɗan makunnin da ke jikin makullinta, fitilar but na kamawa tana mutuwa yadda ta so. Na cire ƙwan don kada ya shanye batir da dare, sai ranar da na samu wani makunnin.