Zaɓen Koto a Kogin Kaduna Lokacin Damina

Masu zuwa fatsa bakin Kogin Kaduna, ku duba ruwan kafin ku soka koto. In an kwana ana ruwa kogi ya yi jajur, kifi ba ya gani sosai, wari yake bi. Tana ko hanjin kaza ne ke aiki a nan, a sa darma mai nauyi koton ya zauna a ƙasa, tarwaɗa da kurungu za su zo. Kada a jefa inda ruwa ke gudu da ƙarfi, tafiya zai yi da shi. A nemi gefe inda ya lafa, bayan dutse ko gindin ciyawa.

In ruwa ya kwanta, a koma ƙaramar ƙugiya da siririn zare. Bakin karfasa ƙarami ne, da babbar ƙugiya sai dai ta cinye tanar ta bar ka. Ranar da shinge ya fito kuwa, shi za a soka, a cire darma ya yi ta shawagi a saman ruwa. Haka masu kamun kifin trout a Turai ke yi, su ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaron da kifin ke ci a ranar.

Sassafe ko bayan la'asar ya fi. In kogi ya cika kuma, don Allah a tsaya a gaɓa, duwatsun nan santsi gare su.