Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kogin da ke kwance ƙarƙashin tafki

Makon jiya na yi alkawarin ci gaba da zancen auren Yaya, amma maganar Baffa ta hana ni sakat, a yi mini haƙuri. Kullum cewa yake: "Tafki na gwamnati ne, kogi namu ne, kuma kogin yana nan a ƙasa." Su Baffa ne suka san kogin Kwara tun kafin a datse shi a Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da gungunan, wato tsibiran, da ke tsakaninta da Yawuri. Har gobe kifi tsohuwar hanyar kogin yake bi, mai neman wurin kamu kuwa ita zai fara nema.

Kayan aikin ba su wuce igiya da dutse ba. A ƙulla igiyar gaba-gaba, a ɗaura dutse kamar dunƙulen hannu biyu. A taso daga gaɓa a miƙe, duk tuƙi ashirin a saki dutsen. Za ka ji gaba biyu, uku, uku, sai kwatsam igiya ta zarce bakwai ko takwas. To nan ne bakin tsohon kogin. A kan wannan bakin ake shimfiɗa kalli, wato ragar da ake girkewa a ruwa kifi ya maƙale a idonta, ana bin tsawonsa, kada a jefa shi cikin ramin. Da bazara ruwan can ƙasa ba shi da iska, kifin da ya faɗa raga a wurin kafin asuba ya mutu ya kumbura, 'yan banda, masu busar da kifi da hayaƙi, ma sai sun yatsina fuska. In ka jawo dutsen kuma ka duba jikinsa. Baƙin taɓo, wurin tarwaɗa da ƙurungu ke nan. In ka ji ya ƙwanƙwasa dutse, giwan ruwa na kusa, sai a kawo mamari, wato doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, da ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya.

Kada ka bar gora ko jarka tana yawo a wurin don shaida. Ɗan ƙanen Inna, wanda ba zan kama sunansa ba, da irin wannan ya ci shekaru yana kamu a wuraren mutane, har yana bugun ƙirji a kasuwar Yelwa wai shi ya gano su. Shaida a tudu ake yin ta: ka daidaita giginya da hasumiyar masallacin da ke bayanta, ka juya gefe ka daidaita wasu abubuwa biyu. Inda layukan nan suka haɗu, nan ne wurinka, kuma a kanka kaɗai yake.

Wurin da ya ba ka yau ba lallai ya ba ka bayan wata uku ba, don ruwa biyu ne ke shigo mana. Farin ruwa na damina, mai laka, yana hawa ya rufe ciyawar burgu, ƙarfasa da tarwaɗa su bi shi cikin ciyawa, lokacin gura ke nan, wato tarkon kifi, da ɗan curin dusa a ciki. Baƙin ruwa kuwa tun daga Gini yake tasowa, ya ratso Mali, ya iso mana da hunturu. Garau yake, kifi na ganin raga, sai a saka da magariba a ɗebe da asuba, in farin wata ya yi yawa ma hutawa ta fi. A watannin nan kada ƙaramin jirgi ya kuskura tsakiyar ruwa wajen tsibirin Foge in iska ta taso da hantsi.

Baffa bai taɓa zaman gida ba in ruwa ya ja baya. Lokacin ne kututturan itatuwan da aka nutsar ke leƙowa, yana bin su ɗaya-ɗaya yana haddacewa. Gindinsu gidan kifi ne, amma su ke yaga kalli, su ke fasa jirgi. Mamari ake sa musu, a bar tazarar gaba biyar. Yaran yanzu da injinsu sai su ga tsuntsaye na shawagi kan warangi, ƙananan kifayen nan, su ruga, su ja dala, wato babbar raga mai ƙananan ido, su kwashe har 'ya'yan giwan ruwa da ba su kai yatsa ba. Ka tambaye su ina kogin yake, sai su nuna maka ruwan gaba ɗaya.

Zancen auren Yaya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.