Allura ta shiga huhu, an ce ba a ga komai ba

Abin da ya fi damuna game da gwajin allura a huhu, wato ɗibar ɗan nama daga huhu da allura a duba ko sankara ce, shi ne yadda mutanenmu ke karɓar sakamako. Da zarar takarda ta ce ba a ga sankara ba, sai a yi hamdala, a naɗe ta a jefa ƙasan akwati. Ni wannan takardar ce ke hana ni barci.

Aikin ba shi da tsawo. Kawuna, wani baduku a Marwa, an yi masa wannan gwaji bayan hoton ƙirji ya nuna ɗan ƙullutu a huhunsa na dama, gwajin majina na GeneXpert kuma bai nuna tarin tibi ba. Ya kwanta rubda ciki a bakin na'urar sikana, aka kashe masa zafin wurin, likita na tura siririyar allura ta tsakanin haƙarƙari yana duban hoto, yana cewa "Baba, riƙe numfashi." Naman da aka ciro bai fi tsinken ashana kauri ba. Bayan nan aka sake ɗaukar hoto, domin kusan mutum 1 cikin 4 ko 5 iska kan taru masa tsakanin huhu da bangon ƙirji. Yawanci takan baje da kanta, kaɗan ne ake sa wa roba a ƙirji don fitar da iskar.

Gwajin nagari ne, ban musa ba. Idan sankara ce, allura kan kama ta a wajen kashi 90 cikin 100, in kuwa ya ce sankara ce, da wuya a samu kuskure. Amma ragowar fa? Ƙullutun da bai kai santimita 1 ba, ko wanda ke can ƙasa kusa da tantanin ciki yana hawa da sauka da numfashi, allura na iya goce masa, ko ta ɗebo mataccen nama daga tsakiyarsa. Ita ma ƙa'idar 2017 ta Fleischner, wata ƙungiyar likitocin ƙirji ta duniya, ba ta kawo batun ɗibar nama ba sai ga wanda ya haura milimita 8.

Takardar kawu da ta dawo daga Yawunde kumburi kawai ta ambata. Wannan daban yake da a kama sunan cuta ƙarara, a ce tibi ce, ko hamatoma, wani ƙari marar lahani. Mu nan da tibi ta yi yawa, da sauƙi a ɗora mata laifi, mutum ya sha magani wata 6 alhali abin na girma. Likitansa, Allah Ya saka masa da alheri, ya nace a maimaita sikana bayan wata 3, duk da tsadar kuɗin da nisan hanya. Ƙullutu mai tauri sai ya shekara 2 bai ƙaru ba sannan a kan saki jiki da shi.

In an miƙa maka irin wannan takarda, ka tambayi likita ko an tabbatar allurar ta shiga cikin ƙullutun, kuma ya rubuta maka ranar dawowa hoto na gaba kafin ka bar ofishinsa.